Yadda za ka karɓo kuɗin da banki ya cire maka ba bisa ƙa'ida ba, tun daga kanta har gaban alƙali

Aikina riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi ne, yawancinsu a Kasuwar Gumi da Kasuwar Barci a Kaduna. Da wuya wata ya wuce wani bai miƙo mini waya yana cewa, "Malam, dubi abin da suka sake cire mini" ba. Sai mu duba tare, ya yi tsaki, ya ce Allah ya isa, ya mayar da wayar aljihu. A nan maganar take mutuwa. Abin yana ci mini rai, domin na ga da idona cewa kuɗin nan suna dawowa idan mutum ya bi su ta hanyar da ta dace.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda da nake yi wa lissafi ya taɓa karɓo sama da naira dubu 186 daga bankinsa, kuma bai ɗauki lauya ba. Da misalinsa zan riƙa kafa hujja. Abin da na koya a shari'arsa shi ne, ranar zaman kotu ba ita ce ranar da ake cin nasara ba. Tun a kan tabarma ake ci, ranar da ka baje takardun asusunka ka ware kowace naira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da takardar bayanan asusu

Saƙon alat ba zai ɗauke ka ko'ina ba. Wani cajin ma ba a turo alat ɗinsa, wani kuma an goge shi tuntuni. Ka je reshen da ka buɗe asusu, ka rubuta 'yar takarda kana neman sitatimen, wato takardar bayanan asusu, na lokacin da kake zargi, ka ce a buga maka a takarda, a sa hatimin banki da sa hannun jami'i a kowane shafi. Wanda ake turowa ta imel duk wata kyauta ne. Wanda ka nema na musamman kuwa, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, CBN, ta 2020 ta ce kada ya wuce naira 20 a kowane shafi. Ka biya ka karɓi shaida.

Dalilin nacewa kan hatimi shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta. Idan kai ka buga a shagon intanet na Tudun Wada, lauyan banki zai iya cewa bai san daga inda ta fito ba. Wadda ke ɗauke da hatiminsu ba su da bakin musanta ta.

Idan akwai bashi tsakaninku, ka nemo takardar tayin bashin da ka sa wa hannu. Nan ne manyan kuɗi suke ɓuya.

Kada ka ja lokaci. Tun 2015 CBN ya sanya wa'adin shekara 6 daga ranar cirar kuɗi, wanda bayansa ba ya sauraron irin wannan koke. Kotu ma tana da nata wa'adin. Shawarata ita ce ka tsaya kan abin da aka cire cikin shekara biyar da suka gabata, kuma gara ka fara yanzu.

Ware abin haushi daga abin da ya saɓa doka

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Ba duk cajin da ya ɓata maka rai ne haramtacce ba. Idan ka tara na halal da na haram ka kai gaban alƙali, lauyan banki zai tsinci na halal ɗin ɗaya bayan ɗaya ya nuna ba ka san abin da kake faɗa ba, sai gaskiyarka ta nutse a cikin kuskurenka.

Ma'aunin shi ne kundin cajin bankuna da CBN ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, tare da takardun gyara da suka biyo baya. Yana nan a shafin CBN na intanet, kyauta. Ka sauke, ka buga shafukan da suka shafe ka.

Kundin na 2020 ya ce taransfa ta naira 5,000 zuwa ƙasa cajinta naira 10 ne, daga 5,001 zuwa 50,000 naira 25, abin da ya haura haka naira 50. A kan waɗannan akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa kake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75. Wannan ba sata ba ce. Naira 50 da ake cirewa idan kuɗi sun kai 10,000 ita ma ba ta banki ba ce, harajin gwamnati ne. A da mai karɓa ake cire wa, daga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta mayar da ita kan mai turawa. Kuɗin saƙon alat naira 4 ne a da, ya koma 6 a 2025 bayan ƙarin kuɗin kiran waya. Sabon katin ATM kuwa, kundin na 2020 ya sa shi naira 1,000 kafin haraji.

Cajin ATM ya sauya, kuma wannan yana koyar da darasi babba: ana auna kowane caji ne da ƙa'idar da ke aiki a ranar da aka cire shi. Daga 2020 zuwa ƙarshen Fabrairun 2025, idan ka cire kuɗi a na'urar wani banki, uku na farko a wata kyauta ne, daga na huɗu naira 35. Daga 1 ga Maris 2025 kyautar ta ƙare, ya koma naira 100 a kowace 20,000, da ƙarin da zai iya kai naira 500 idan na'urar ba a harabar banki take ba. Na'urar bankinka kuwa babu caji. Saboda haka naira 100 da aka cire maka a Yulin 2025 daidai ne, amma da a 2023 aka cire, haƙƙinka ne.

Yanzu ga inda ake yawan ƙetare iyaka.

Na farko, kuɗin kula da asusu. Tsohon COT, wato cajin da ake ɗorawa kan kuɗin da ke fita daga asusu, an soke shi tun 2016, aka kawo wannan a madadinsa, kuma iyakarsa a kundin na 2020 naira 1 ce a kowace naira 1,000 da ka fitar. A kan asusun karant kaɗai yake. Mai asusun ajiya bai kamata ya gan shi ba ko sau ɗaya. Ko a karant ɗin ma, a kan kuɗin da kai ka fitar zuwa ga wani ne, ko zuwa asusunka na wani banki. Kuɗin da ka matsar tsakanin asusunka biyu a banki ɗaya ba su shiga ba.

Na biyu, kuɗin kula da kati. A kundin na 2020 naira 50 ne duk wata uku, kuma ga katin asusun ajiya kawai. An soke shi ga masu karant tun 2020. Idan kana ganinsa duk wata, ko kana ganinsa a karant, ka ja masa layi.

Na uku, kuma mafi tsoka, cajin bashi. Kuɗin gudanar da bashi bai wuce kashi 1 cikin ɗari na abin da aka ba ka, kuma sau ɗaya ake karɓa. Tarar jinkirin biya ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata, a kan abin da ka gaza biya, ba a kan bashin gaba ɗaya ba. Duk wani caji mai suna mai daɗi da ba ya cikin kundin kuma ba ya cikin takardar da ka sa wa hannu, ka tambayi tushensa.

Akwai kuma kuɗin da na'ura ta cire ba ta ba ka ba. Tun Yunin 2020 CBN ya ce idan na'urar bankinka ce a mayar nan take ko cikin awa 24, ta wani banki awa 48, na POS awa 72. Wanda ya wuce haka bai dawo ba ya shiga lissafi. Haka ma harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari da aka sanar a Mayun 2024 aka janye shi a watan. In ka ga an cire maka, ka rubuta.

Yi lissafin a shafi ɗaya

Ka ɗauki takarda ka ja layuka biyar: kwanan wata, sunan cajin yadda yake a sitatimen, abin da aka cire, abin da ƙa'ida ta yarda, da bambanci. A gefe ka rubuta lambar shafin sitatimen da ka samo shi. A jikin sitatimen ɗin kuma ka shafa wa layin alƙalami mai launi, amma a kan kwafi, asalin ka bar shi da tsabta.

Ga yadda na Alhaji ya fito. A shekara guda ya fitar da naira miliyan 48 zuwa ga dilolinsa na Kantin Kwari da Legas. Naira 1 a kowace 1,000 ta ba da 48,000. Abin da aka cire masa 131,500 ne, wato rarar 83,500. Ya kuma karɓi bashin naira miliyan 3, kuɗin gudanarwarsa 30,000 sau ɗaya, amma aka riƙa cire 30,000 duk wata uku har sau huɗu, rarar 90,000 ke nan. Jimla 173,500. Harajin VAT da aka ɗora a kan wannan rara 13,012.50. Duka ya kama naira 186,512.50.

Alhaji ya so mu ƙara da kuɗin man da ya ƙona yana zirga-zirga da ɓacin ran da aka sa shi, mu cike rabin miliyan. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, kotun da za mu je adadin da aka iya ƙirgawa take saurara. In muka sa ɓacin rai mun fita daga huruminta." Bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Wannan kotu, wato kotun ƙananan ƙararraki, ta bashi tsayayye ce, wanda kowa zai iya bin lissafinsa ya isa adadi ɗaya.

Wata magana a gefe. Doka ta bar maka damar neman kuɗin ruwa a kan abin da aka riƙe maka. Mutanenmu da yawa ba sa so saboda riba, Alhaji ma bai nema ba. Wannan tsakaninka da malaminka ne. Rashin nema ba ya rage ƙarfin ƙararka da komai.

Rubuta wa banki

Zuwa gaban kanta kana ɗaga murya ba koke ba ne. Yarinyar da ke zaune a teburin kula da abokan hulɗa ba ita ta cire ba, ba ta kuma da ikon mayarwa, kuma gobe babu wanda zai tuna ka zo. Takarda ce take zama. Ka rubuta da Turanci, domin da shi ofishinsu ke aiki, ko ka sa wani ya fassara maka, amma ma'anar kada ta wuce wannan:

"Zuwa ga Manajan reshe. Ni ne mai asusu mai lamba kaza. Tsakanin wata kaza da wata kaza an cire mini naira kaza fiye da abin da kundin cajin CBN na 2020 ya yarda, kamar yadda lissafin da na haɗa ya nuna. Ina neman a mayar mini da wannan adadi cikin asusuna, a kuma ba ni lambar bin koke. Idan ba a yi haka cikin kwana 30 ba zan kai maganar gaban CBN da kotu."

Shi ke nan. Ban da zagi, ban da tarihin yadda mahaifinka ya yi hulɗa da su. Ka yi kwafi biyu, su karɓi ɗaya, su buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan. In an ce mai hatimi ba ya nan, ka zauna ka jira shi. Ka kuma tura kwafi ta imel zuwa sashen koke na hedikwatarsu. Lambar bin koke wajibi ce a kansu, akwai tara a kan bankin da ya ƙi bayarwa, don haka kada ka ji nauyin nema.

Koke na yau da kullum mako biyu CBN ya ba su, na cajin da ya wuce ƙa'ida da na bashi kwana 30. A cikin wannan lokaci za a iya kiranka a waya da lallashi. Ka saurara da mutunci, ka ce a rubuto maka. Wani lokaci za ka ga an jefo wani ɓangare na kuɗin shiru ba bayani. Ka rage shi daga lissafinka ka ci gaba da bin ragowar, amma kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi wannan a matsayin cikakken biya sai in ka gamsu.

Kai koke CBN kafin kotu

Idan wa'adi ya cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, ka tura koke zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN ta cpd@cbn.gov.ng, ko ka kai da hannu reshensu na Kaduna a titin Yakubu Gowon. Ka haɗa da wasiƙarka mai hatimi, lambar koke, lissafi da kwafin sitatimen. Ba a biyan ko sisi. Kada ka rubuta lambar sirrin katinka a ko'ina.

Tsarin yana da muhimmanci: CBN ba ya sa baki a maganar da ke gaban kotu. In ka fara da kotu ka rufe wa kanka wannan ƙofa ta kyauta. Bankuna kuma suna shakkar CBN, domin kundin ya tanadi tarar naira miliyan 2 a kan kowane saɓawa. Koke da yawa a nan suke ƙarewa. Na Alhaji bai ƙare ba, bankin ya yi ta ja, shi ya sa muka wuce gaba.

Kafin ka taka kotu, ka yi wa kanka tambaya biyu

Shin adadin ya kai a sha wahala? Akwai kuɗin shigar da ƙara, kuɗin kai sammaci, kwafe-kwafe, da kwana uku ko huɗu da za ka bar shago. Naira 4,000 ba ta kai ba, ka tsaya a CBN. Da yayyafi kogi kan cika, gaskiya ne, amma kogin nan sai ka tara shi a lissafi ɗaya na shekaru kafin ya isa a kai gaban alƙali.

Shin bankin yana bin ka bashi? In yana bi, ka sani zai iya shigar da tasa ƙarar a cikin taka. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, sai dai ka san ainihin abin da ake bin ka kafin ka shiga. Ina kuma ba kowa shawara ya buɗe asusu na biyu a wani banki, don kada cinikinsa ya dogara ga wanda yake shari'a da shi.

Shigar da ƙara

Kotun ƙananan ƙararraki ba wani gini ne daban ba. Wasu kotunan majistare ne Babban Jojin jiha yake ware wa wannan aiki, da ƙa'idoji masu sauƙi. Legas ce ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, da iyakar naira miliyan 5 da burin gama shari'a cikin kwana 60, sauran jihohi har da Kaduna suka bi sahu. A jihohin Arewa da dama, idan majistare ya zauna kan shari'ar kuɗi, a takarda za ka ga an rubuta District Court. Kada sunan ya ruɗe ka, kotun ɗaya ce.

Ka je harabar kotunan majistare, kamar ta titin Ibrahim Taiwo ko ta titin Daura, ka nemi ofishin rajistara, ba masu tare mutane a bakin ƙofa ba. Ka ce, "Yallaɓai, ƙarar ƙananan kuɗi zan shigar, wace kotu ce ke kula da yankin da reshen bankina yake?" Ka nemi kwafin ƙa'idojin da Babban Joji ya sa wa hannu. A ciki za ka ga iyakar adadi, kuɗin da za ka biya da wa'adin kowane mataki. Ka karanta shi a daren nan, gajere ne.

Kada ka kai wannan ƙara kotun shari'ar Musulunci ta unguwa don ta fi kusa ko don an fi jin Hausa a can. Banki kamfani ne, lauyansa zai fara da ƙalubalantar hurumi, ku ɓata watanni ba a taɓa maganar kuɗin ba.

Tsarin ya ginu a kan fom-fom. Na farko takardar neman biya ce, wadda dole a kai wa wanda kake ƙara kafin komai. Ko da ka riga ka rubuta wasiƙarka, ka cike wannan ma, ka jira wa'adinta ya cika. Bayan nan sai fom ɗin ƙara da na sammaci. Ma'aikatan rajista suna taimaka wa wanda rubutu ya yi wa wuya. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit na gwamnati.

Ka kula da suna. Bankin kake ƙara, da cikakken sunansa na rajista yadda yake a saman takardunsa har da Plc ko Limited. Ba manaja ba, ba "reshen Kawo" ba. Reshe ba mutum ba ne a idon doka. Idan kuma asusun na kamfaninka ne mai rajista, kamfanin ne mai ƙara, ba kai ba.

Kai sammaci

Nan lauyoyin banki suka fi samun kafa, don haka kada ka bar shi ga sa'a. Ma'aikacin kotu ne yake kaiwa, ba kai ba. Ka tabbatar babban jami'i ne ya karɓa ya sa hannu da hatimi, ba maigadi ba, kuma ma'aikacin ya mayar da shaidar kaiwa cikin fayil. Yawancin bankuna hedikwatarsu tana Legas, kaɗan a Abuja. Idan rajistara ya ce sai an kai can, ka sani doka ta ce sammacin da zai fita daga jiha sai an yi masa wani rubutu na musamman a jiki, kuma wa'adin amsa yakan ƙaru. Ka tambaya tun ranar farko. Sammacin da aka kai ba daidai ba yana iya rushe hukuncin da ka riga ka ci.

Ranar zama

Ka isa kafin ƙarfe 9 da fayil uku iri ɗaya, naka, na kotu, na banki, asalin takardu kuma a hannunka. In Turanci bai zauna maka ba ka faɗa, a kawo tafinta. Ba abin kunya ba ne, kuma gara ka faɗi gaskiyarka da harshen da ka iya.

Banki zai zo da lauya, wataƙila cikin baƙar kwat da jaka mai taya. Kada gabanka ya faɗi. An tsara wannan kotu ne don mutum ya tsaya da kansa. Hujjojinsu kuma sanannu ne.

Za su ce maganar banki ta Babbar Kotun Tarayya ce. Amsarka tana cikin sashe na 251(1)(d) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda shi da kansa ya cire rikici tsakanin mutum da bankinsa a kan hulɗar da ke tsakaninsu daga abin da aka keɓe wa waccan kotu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2004 a shari'ar NDIC da Okem Enterprises. Ka rubuta wannan a 'yar takarda ka karanta.

Za su ce ka sa hannu a sharuɗɗa ranar buɗe asusu. Ka ce, "Ranka ya daɗe, kundin CBN iyaka ya sa wa bankuna, ba shawara ba ce. Su nuna inda aka ba su izinin wuce ta." Za su ce adadin ba tsayayye ba ne, sai an kawo masanin lissafi. A nan shafinka ɗaya zai yi maka aiki: kowane layi daga sitatimen ɗinsu ya fito, ƙa'idar kuma ga ta a buga.

Idan an ba ka dama, ka yi gajeren bayani a jere: ga asusuna, ga abin da aka cire, ga abin da ƙa'ida ta ce, ga wasiƙata da hatiminsu, ga adadin da nake nema da kuɗin da na kashe wajen shigar da ƙara. In sun kawo ma'aikaci ya ba da shaida, kada ka yi musu da shi. Ka buɗe shafi, ka nuna layi, ka tambaye shi wane sashe na kundin ne ya yarda da wannan caji. Ka yi haka sau uku ko huɗu a kan manyan layuka ka zauna. Idan suka nemi a ɗage zama, ka tunatar da kotu cikin ladabi cewa ƙa'idojinta sun taƙaita ɗagewa. Kai kuma kada ka yi fashi ko sau ɗaya, domin rashin zuwan mai ƙara yana sa a kori ƙara.

Sulhu da karɓar kuɗi

Sau da yawa ba a kai ga hukunci. A shari'ar Alhaji, a zama na biyu lauyan banki ya ja shi gefe a baranda ya ce, "Alhaji, mu daidaita mana, ka janye ƙarar, za a sa maka kuɗinka cikin mako." Alhaji ya kusa amsawa don kunya. Sulhu alheri ne, alƙalin ma yana ƙarfafa shi, amma kada ka janye a kan alkawarin baki. A rubuta yarjejeniya da adadi da ranar biya, ku sa hannu, a miƙa wa alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu. Ta haka in sun saɓa kana da abin kamawa. Haka muka yi.

Idan har an kai ga hukunci ka ci, ka nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu ka kai wa banki da 'yar wasiƙa. Wanda bai gamsu ba, kai ko su, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha da ke titin Bida, kuma wa'adin gajere ne, kwanaki ne ba watanni ba. In wa'adin ya wuce ba su biya ba, ka koma wurin rajistara ka nemi a zartar da hukunci. Kotu tana iya ba da umarnin kama kadara ko riƙe kuɗinsu da ke hannun wani. A wannan mataki, in abin ya kai, yana da kyau ka nemi lauya ko ka je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa.

Kuɗin Alhaji sun shigo kwana tara bayan sa hannu, naira 186,512.50 da kuɗin shigar da ƙara. Da wata ya ƙare muka sake karɓo sitatimen, muka duba layin kuɗin kula da asusu. A watan ya fitar da naira miliyan 4.2, an cire masa 4,200 da harajinta.